Makarantar Lauyoyi ta Bagauda da Kotunan da ke Bayan Katangarta

A ƙaramar hukumar Bebeji, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ta nufi Jos, akwai reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. An buɗe shi a farkon shekarun 2000 a harabar tsohon otal ɗin Bagauda, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako. Kowace shekara ɗaruruwan matasa da suka gama digirin shari'a a jami'o'in ƙasar nan suna sauka a wurin, su shafe kusan shekara guda sanye da baƙi da fari, su rubuta jarrabawar ƙarshe, sannan waɗanda suka ci su tafi Abuja a naɗa su lauyoyi. Ba wanda zai tsaya gaban alƙali da sunan lauya a Najeriya sai ya bi ta wannan makaranta. Tunda kuwa ita ce ƙofa ɗaya tilo, abin da ta koyar shi lauyan Najeriya ya sani, abin da ta bari kuma sai dai ya je ya tsinta a hanya. Abin da ta bari ɗin shi ne damuwata: ɗalibi yana iya gama Bagauda da sakamako mafi daraja ba tare da ya taɓa zama sau ɗaya a kotun shari'ar Musulunci ba, alhali nan ne mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke kai mafi yawan ƙararrakinsu. Wannan giɓi ne a horon, kuma gyara shi bai fi ƙarfin hukuma ba.

Tarihin makarantar da kansa yana goyon bayan wannan magana. Kafin 'yancin kai, duk ɗan Najeriya mai son zama lauya sai ya tafi Ingila, ya karanta dokokin can, ya dawo ya fara aiki a ƙasar da bai karanci dokokinta ba. Wannan ne ya sa aka kafa kwamitin Unsworth a 1959, aka yi dokar ilimin shari'a a 1962, makarantar kuma ta fara aiki a Janairun 1963 da ɗalibai takwas a titin Igbosere da ke Legas. A 1997 hedikwatarta ta koma Bwari, daga baya aka yi rassa a Agbani ta jihar Inugu da Bagauda da Yenagoa da Yola, sai Fatakwal a 2022. Dalilin kafa ta tun farko shi ne kada lauya ya zama baƙo a kotunan ƙasarsa. Bayan shekara sittin da ɗoriya, an kawo ginin makarantar har cikin karkarar Kano, amma manhajar ba ta ƙaraso ba tukuna. Tana nan tana kallon babbar kotu da kotun tarayya da ofishin rajistar kamfanoni, kamar dai su kaɗai ne wuraren da ake yanke wa ɗan Najeriya hukunci.

Wanda bai san rayuwar makarantar ba zai iya cewa ai ɗalibi mai himma zai nemi wannan ilimi da kansa. Tsarin wurin bai bar masa wannan sarari ba. Darussa biyar ne ake jarrabawa a kansu: gudanar da shari'ar laifi, gudanar da shari'ar haƙƙi, aikin kamfanoni, aikin filaye da kadarori, sai ladubban sana'a. Ana ƙirga halartar aji, ana sa ido kan tufafi, akwai liyafar cin abinci uku da majalisar dattawan lauyoyi ta wajabta, akwai kuma watannin da ake tura ɗalibai su zauna a kotu da ofisoshin lauyoyi, galibi manyan kotuna da na majistare a birane. A kan duk wannan, a da akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya riƙa kwana da ita a rai, wato darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke maka darajar sakamakonka gaba ɗaya. A lokacin, wanda ya yi fice a huɗu ya tsallake na biyar da ƙyar, da ƙyar ɗin yake fita. A irin wannan hali ba wanda zai ɗauki littafin da ba za a tambaye shi a kansa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ana ambaton kotunan Musulunci a darasin hurumin kotuna, ana kuma taɓa iyakar wasiyyar Musulmi a darasin kadarori, amma ambato daban, koyon yadda ake tsayawa a gaban alƙalin daban.

To, mece ce shari'ar mutanen wannan yanki? Gona ce da gado da aure da bashi. Magada sun saɓa a kan fadamar da mahaifinsu ya bari a gefen ruwan Tiga. An ba wani aron gona shekara da shekaru, yau 'ya'yansa sun ce tasu ce. An jinginar da fili, mai shi ya rasu, ba takarda sai shaidu, su ma sun tsufa. Matar da mijinta ya tafi ci-rani ya daina aike tana neman ciyarwa ko rabuwa. Ɗan kasuwa ya ba da bashin shinkafa a Tudun Wada ko na masara a Kwanar Ɗangora an hana shi kuɗinsa. Shanu sun shiga gona a bakin Falgore. Kusan duk waɗannan, idan sulhun mai unguwa da dagaci da hakimi ya gaza, kotun shari'ar Musulunci ake kai su, a yi magana da Hausa, a rubuta da Hausa, a yi hukunci da mazhabar Malikiyya. Tun shekarar 2000 da jihar Kano ta sake fasalin waɗannan kotuna ta kuma yi kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci, har shari'ar laifi suna saurare. Gonar da ake jayayya a kanta ba ta kai darajar kamfanin Legas ba a lissafin kuɗi, amma ita ce abincin gida guda na shekara, kuma rigimarta kan raba zumunci har jikoki.

Kada wani ya ɗauka cewa lauyan da ya iya babbar kotu zai iya waɗannan da ɗan dabara. Tsarin daban ne tun daga tushe. A babbar kotu wanda ya shigar da ƙara shi ne mai ƙara. A kotun Musulunci alƙali ne yake sauraron da'awa ya tantance wanda hujja ta hau kansa da wanda rantsuwa ta hau kansa, kuma ba lalle wanda ya riga zuwa kotu ya zama mai kawo hujja ba. Mai da'awa ba ya zama shaidar kansa kamar yadda yake yi a babbar kotu. Akwai adadin shaidu da sharuɗɗansu, akwai damar sukar shaida, akwai inda shaida ɗaya da rantsuwa suke wadatarwa a sha'anin dukiya. Akwai i'izari, tambayar da alƙali zai yi wa ɓangarorin kafin hukunci ko suna da sauran hujja, wadda rashin yin ta kaɗai kan sa kotun sama ta rushe shari'ar da aka yi shekaru ana yi. Akwai hauzi, inda wanda ya ga wani yana riƙe da filinsa shekara goma yana aiki a ciki, bai yi magana ba kuma ba uzuri, zai iya rasa damar da'awa, tsakanin dangi kuma wa'adin ya fi haka tsawo nesa. Akwai shufa'a, haƙƙin abokin tarayya na karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare. Waɗannan suna cikin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim da Mukhtasar na Khalil da Risala, littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da su. Lauyan da bai san su ba, in ya shiga irin wannan kotu, nauyi yake zame wa wanda ya ɗauke shi, ga kuɗi an biya ga shari'a ta lalace.

Illar ba ta tsaya a ƙaramar kotu ba, tana hawa har Abuja. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha ga al'amuran aure da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. Rigimar mallakar fili da ba ta shafi ɗaya daga cikin waɗannan ba, babbar kotu ake ɗaukaka ta. Kotun Ƙoli ta nanata haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, idan lauyansa ya kasa bambance rigimar gado da rigimar mallaka ya kai shi kotun da ba ta da hurumi, zai iya yin nasara, ya yi murna, bayan shekaru a ce duk abin da aka yi a can ba shi da tushe, a koma farko. A 1998 kuma, a shari'ar Alkamawa da Bello wadda ta taso daga Sakkwato a kan shufa'a, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shari'ar Musulunci ba dokar al'ada ba ce, cikakken tsarin shari'a ce mai zaman kanta. Kundin ya ma wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci da uku masana dokar al'ada a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sashe na 288 kuma ya ce a kula da samun irinsu a Kotun Ƙoli. Kundin ƙasa ya nemi waɗannan masana a saman bene, makarantar da ke ƙofar shiga kuwa ba ta jarraba kowa a fannin.

A da akwai uzuri. Horon alƙalai a Arewa hanyarsa daban ce: a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Lauyoyi kuma doka ta hana su bayyana a kotunan alƙalai, saboda haka ba wanda ya ga dalilin koya musu abin da ba za su yi aiki da shi ba. Amma tun tsakiyar shekarun 1980 kotuna suka soke wannan hani bisa hujjar cewa kowa na da 'yancin samun mai kare shi. Yau lauyoyi suna cika manyan kotunan Musulunci na Kano kowace safiya. Shekara arba'in ke nan da buɗe musu ƙofa ba tare da an koya musu yadda ake zama a ɗakin ba.

Abin da ya kamata Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda ke tafiyar da makarantar, ta yi shi ne ta ƙara darasi na shida a kan aiki a ƙananan kotunan jama'a, ɗalibi ya zaɓi ko na kotunan Musulunci ko na kotunan al'ada. A cikin watannin zaman kotu, a ware makonni biyu ko uku da kowane ɗalibi zai zauna a irin kotun da ya zaɓa, ya ga yadda ake karɓar da'awa da rantsuwa da rabon gado da idonsa, domin gani ya kori ji. Sannan aikin taimakon shari'a kyauta ya shiga cikin abin da ake auna ɗalibi da shi. Wannan tunani ba baƙo ba ne, ƙungiyar NULAI tana yaɗa ofisoshin taimako na ɗaliban shari'a tun 2003, dokar taimakon shari'a ta 2011 ma ta san da su. Amma muddin aikin na sa-kai ne, ba ya cikin jarrabawa, to 'yan kaɗan masu ƙarfin zuciya ne za su yi shi, su ma sai jarrabawa ta matso su ajiye.

Suka ta farko da za a yi ita ce makarantar ta ƙasa ce, ɗaliban Bagauda da yawa daga Kudu suke, Kiristoci ne, kuma ba za a tilasta musu karatun addinin wani ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya a ƙasar da addini ke saurin tayar da ƙura, shi ya sa zaɓi yake cikin shawarar. Kundin da ya kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulunci shi ya kafa ta al'ada a sassan da ke biye. Ɗalibin da zai yi aiki a Inugu ko Bayelsa yana da irin wannan giɓi game da gadon gargajiya da filin dangi, kuma shi ma talakan can ne yake biyan kuɗin jahilcin lauyansa. A kudancin Kano kanta, a Doguwa da Tudun Wada, akwai Kiristoci da Maguzawa waɗanda aurensu da gadonsu ke bin al'adarsu, su ma suna buƙatar lauyan da ya san ta. Ban da haka, koyon ƙa'idar kotu ba shiga addini ba ne. Lauya Musulmi yana karanta dokar aure ta coci da rajista, yana rubuta wasiyya a tsarin Ingila, ba wanda ya ce ya bar addininsa. Lauya Kirista da ke zaune a Sabon Gari, wanda abokin cinikinsa Musulmi ya rasu ya bar gidaje, sanin rabon gado riba ce gare shi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ai Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna koyar da shari'ar Musulunci a digirinsu, me ya sa za a maimaita? Amsar tana cikin dalilin wanzuwar makarantar kanta. Jami'o'i suna koyar da dokar laifi da dokar kamfani da dokar filaye, amma ba wanda ya ce saboda haka a daina koyar da aikinsu a Bagauda. Jami'a tana koyar da mene ne hukunci, makarantar lauyoyi tana koyar da yadda ake nemo shi a gaban alƙali: yadda ake tsara da'awa, yadda ake tambayar shaida, takardar da ake shigarwa da ranar da ake shigar da ita. Ɗalibin da ya haddace rabon magada a Zariya bai zama ya san yadda ake tabbatar da mutuwa da magada da dukiyar da aka bari a gaban kotu ba. Idan an yarda cewa sauran fannoni suna buƙatar shekarar koyon aiki, ba hujjar cire wannan. A Malesiya, wadda ita ma ta gaji dokar Ingila kamar mu, lauya ba ya tsayawa a kotun shari'ar Musulunci sai ya samu izini na musamman da ke nuna ya san aikin. Mu a nan duk wanda aka naɗa yau, gobe yana iya karɓar shari'ar gadon marayu.

Sai maganar lokaci da harshe da izini. Gaskiya ne shekarar a cike take, kuma ƙara darasi a kan biyar ɗin da ake jarrabawa zai firgita ɗalibai. Maganin wannan mai sauƙi ne, a sa sabon darasin ya zama na ci ko faɗuwa kawai, kada ya taɓa darajar sakamako. Game da harshe, a kowane aji na Bagauda akwai masu jin Hausa da yawa, sai a haɗa su da waɗanda ba sa ji, kuma aiki da tafinta shi kansa fasaha ce da lauya ke buƙata. Sashe na 36 na Kundin ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta, kotuna kuma sun sha watsi da bayanin da aka ɗauka a wurin 'yan sanda ta bakin tafinta saboda ba a kira tafintan ya ba da shaida ba. Game da izini, ba wanda ya ce ɗalibi ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai. A Amurka ɗaliban shari'a suna wakiltar marasa hali a ƙarƙashin kulawar malami mai lasisi. Mu ko ba mu kai nan ba, ɗalibi yana iya sauraron koke, ya rubuta takardar neman beli, ya bi fayil, ya faɗa wa iyali cewa sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita arba'in. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma a gidajen gyaran hali na Kurmawa da Goron Dutse akwai 'yan karkara da ba abin da ya tsare su illa rashin wanda zai bi musu takarda.

Akwai suka ta ƙarshe da ke fitowa daga mutanenmu, ba daga Legas ba, kuma ita ce na fi ba nauyi. Dattawa da yawa, har da wasu alƙalai, suna ganin shigowar lauyoyi ce ta ɓata kotunan Musulunci: shari'ar da ake gamawa a zama biyu ta koma shekara biyu, ana ta neman ɗage zama, ana koya wa mutane musun abin da suka sani. Ba za a ce ƙarya suke yi ba. Amma a duba wane lauya ne yake yin haka. Mafi yawa wanda bai san tsarin ba ne, sai ya jawo dabarun babbar kotu ya jibga su inda ba wurinsu ba, domin su kaɗai ya iya. Lauyoyi sun riga sun shiga waɗannan kotuna kuma Kundin ƙasa ba zai bari a fitar da su ba. Abin da ya rage a zaɓa shi ne su shiga da sani ko su shiga da jahilci. Wanda aka koya wa fiƙihun shari'a zai san cewa sulhu babi ne a cikinsa, zai san lokacin da ya dace ya ce wa magada su koma gida su daidaita kafin gonar ta ƙare a kuɗin mota da na lauya. Zai kuma zama ido a kan alƙalin da ya kauce, domin talakan da ba shi da mai kare shi ba ya iya gane an tauye shi, balle ya ɗaukaka ƙara.

Sauya manhaja aikin Abuja ne, kuma Abuja ba ta motsi sai an motsa ta. Amma akwai abin da Kano za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Alƙalin Alƙalan jihar da Babban Jojin jihar suna iya buɗe wa ɗaliban Bagauda kotunan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su riƙa zama suna saurare. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Kano yana iya ba da lauyoyin da za su kula da ɗalibai a ranar taimako ta mako-mako. Shugabannin ƙananan hukumomin huɗu suna iya ba da ɗaki a sakatariya da motar da za ta kai ɗalibai ta dawo da su, abin da bai kai kuɗin bikin rantsarwa ɗaya ba. 'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Kiru da Bebeji da kuma Tudun Wada da Doguwa su ne suka fi kowa haƙƙin kai maganar darasi na shida gaban majalisa da gaban hukumar makarantar, tunda a yankinsu makarantar take kuma mutanensu ne suke cikin wannan hali. Muna kira gare su da su ɗauki maganar tun wannan zangon karatu, kafin wani rukunin ɗalibai ya sake gamawa ya tafi.